'Yata tana ƙirga har hamsin amma ta kasa kawo cokali huɗu

"Assalamu alaikum Malama. 'Yata tana da shekara uku da wata takwas, tana ajin farko na naziri. Tana jero lambobi da Turanci daga ɗaya har hamsin ba ta tsaya ba, duk wanda ya ji sai ya yaba. Amma jiya na ce ta kawo mini cokali huɗu, sai ta kwaso duk abin da hannunta ya iya ɗauka. In na zuba mata murafen kwalba na ce ta ƙirga, bakinta yana gaba hannunta yana baya, guda shida sai ta ce goma ne. 'Yar maƙwabciyata sa'arta ce, amma har ta fara rubuta 1 zuwa 100 a littafi. Babanta ya ce a ɗauko mata malamin lesin. Shin akwai matsala a tattare da ita ne? Kuma da Hausa ya kamata in koya mata ko da Turanci?" Wata uwa daga Gusau

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya raya mana ita, Ya yi mata albarka. Tambayarki guda ce amma abu uku ta ƙunsa: me ya sa yarinyar da ta iya faɗin hamsin ta kasa ɗauko huɗu, da wane harshe za a koya mata, sannan ko rubutu da lesin za su gyara lamarin. Bari in fara kwantar miki da hankali. Bisa abin da kika bayyana, ban ga wata alamar matsala ba. Inda 'yarki take, nan mafi yawan yara masu shekarunta suke, har da waɗanda ake yabawa a unguwa. Na daɗe ina koyar da ƙananan yara, kuma a kowace shekara sai an kawo mini yaro an ce "ai ya iya ƙirga har ɗari", in na ce ya miƙo mini alli uku sai ya cika mini hannu.

Jero lambobi daban, ƙidaya daban

Kin san yadda yaro ɗan shekara uku yake karanta Fatiha daga farko har ƙarshe, da kyakkyawar murya, alhali bai san ma'anar kalma ko ɗaya a ciki ba. Haddar tana da amfani, ita ce matakin farko, amma fahimta sai daga baya take zuwa. To abin da 'yarki take da shi yanzu hadda ce. Ta san bayan uku sai huɗu, amma ba ta riga ta san cewa "huɗu" yawan abu yake nufi ba.

A shekarar 1978 wasu masana halayyar yara biyu a Amurka, Rochel Gelman da Randy Gallistel, sun tsattsage abin da muke kira ƙidaya, suka nuna cewa ƙa'idoji biyar ne yaro yake haɗawa kafin a ce ya iya. Dole ya riƙe jerin sunayen lambobi a tsari ɗaya kullum, wannan 'yarki ta samu. Dole kowane abu ya sami suna ɗaya tak, ba a tsallake wani ba, ba a kuma taɓa wani sau biyu ba. Nan ne bakinta yake tsere wa hannunta. Sannan dole ta gane cewa lambar da aka faɗa a ƙarshe ita ce adadin abin gaba ɗaya. Sauran biyun sun fi sauƙi: komai ana iya ƙirga shi, ko tafi ne ko kukan zakara, kuma ko daga dama aka fara ko daga hagu, adadin ba ya canzawa.

Ta ukun nan ita ce babbar gada, kuma mu manya mun tsallake ta tun da daɗewa har mun manta akwai ta. Ki ga yaro ya ƙirga ƙosai daidai, "ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar", ki tambaye shi "to guda nawa ne?" sai ya sake farawa daga ɗaya, ko ya ce "biyu". A wurinsa "biyar" sunan ƙosan ƙarshe ne da yatsansa ya taɓa, ba sunan tarin ba. Wannan ba rashin kai ba ne. Abu ne mai wuya a gaske: kalma ɗaya tana aiki biyu a lokaci guda.

Wata masaniya mai suna Karen Wynn ta bi wannan a hankali a farkon shekarun 1990. Tana ajiye wa yaro tarin kayan wasa ta ce ya ba ta ɗaya, ko biyu, ko biyar. Ta gano cewa yara suna koyon ma'anar lambobin nan ne ɗaya bayan ɗaya. Da farko yaro ya san "ɗaya" kawai, duk abin da aka nema sama da haka sai ya damƙo. Bayan watanni ya san "biyu", sannan "uku". Daga nan ne, wajen shekara uku da rabi zuwa huɗu ga yara da yawa, abin yake buɗe masa, ya gane cewa ƙirgawa ita ce hanyar samun ko wane adadi. Daga fara jero lambobi zuwa wannan buɗewar ana ɗaukar kusan shekara guda, wani lokaci fiye. Cokulan da 'yarki ta kwaso, abin da yaran Wynn suka riƙa yi ke nan.

Ki fara gano inda ta tsaya

Wannan gwajin za ki iya yi yau da yamma, kuma kada ta san gwaji ne. Ki shimfiɗa tabarma, ki zuba murafen kwalba kamar goma sha biyar a faranti, ki ajiye 'yar tsanarta da ɗan kwano a gabanta. Ki ce, "'Yar tsanar nan tana jin yunwa, ba ta biskit ɗaya." In ta sa ɗaya, ki mayar da shi faranti ki ce yanzu biyu take so. Haka za ki yi ta hawa har ki kai inda za ta damƙo ba lissafi. Ki koma baya ki sake tambayar lambar da ta ci, don ki tabbatar ba dace ba ne. Kada ki gyara mata, kada ki ɓata fuska, ki ce 'yar tsana ta gode kawai.

Lambar da ta tsaya a kai, ta gaba da ita ce darasinku. In ta san biyu, aikinku na makonni masu zuwa uku ne. Na san wannan zai yi miki ƙanƙanta idan kika tuna tana faɗin hamsin, amma a aji na ga cewa yaron da ya riƙe ɗaya zuwa biyar da gaske, shida zuwa goma ba sa ba shi wahala. Wanda aka ja shi da gudu zuwa ɗari kuwa, a firamare za ki same shi yana zana sanduna a bayan littafi don ya haɗa uku da biyu, kuma ya sami shida.

Abin da za ki riƙa yi a gida

Maganin bakin da ya tsere wa hannu shi ne a sa hannu aiki mai nauyi. Nuni da yatsa daga nesa yana da wuya ga yaro, domin ba ya iya tuna wanda ya ƙirga da wanda ya rage. Ki ba ta kwano biyu, ta ɗauki abu daga wannan ta jefa a wancan, ba za ta faɗi lamba ba sai ta ji ƙarar faɗuwarsa. Kwanon silba ya fi, saboda ƙarar. Za ki ga bakin ya dawo yana jiran hannu da kansa. Bayan ta saba, ki jera abubuwan a layi ta riƙa taɓawa, sai can daga baya a zo ga waɗanda aka watsa barkatai.

Ga wata dabara da na fi amfani da ita wajen tsallakar da yara gadar nan ta uku. Ki faɗi adadin tukuna, sannan ki ƙirga, sannan ki sake faɗinsa. Misali kin ɗora dabino a tafin hannunki: "Kin ga dabino uku. Mu ƙirga: ɗaya, biyu, uku. Uku ke nan gaba ɗaya." Lokacin da kike faɗin "gaba ɗaya" ki zagaye su duka da yatsa, ko ki dunƙule hannu a kansu. Yaro yana iya gane biyu ko uku da ido kawai ba tare da ya ƙirga ba, to idan ya ji kalmar da idonsa ya riga ya sani ta sake fitowa a ƙarshen ƙirgawa, sau da yawa, wata rana sai ya haɗa su. Shi ya sa ƙananan lambobi suke da daraja a wannan mataki.

Ba kya buƙatar keɓe lokacin darasi. Gidan Bahaushe cike yake da ƙidaya. In za a ci abinci, ki ce ta ba kowa cokali ɗaya, sannan ku ƙirga mutanen ku ƙirga cokulan. In kin sayo ƙosai, ta raba wa 'yan'uwanta biyu-biyu. Takalman da ke ƙofar ɗaki, ƙwan da kaza ta yi, duwatsun murhu, ƙafafun akuya da na kaza, wa ya fi yawa? In kina mata alwala, ku ƙirga wanke hannu sau uku. In tana kwaikwayonki a salla, bayan kin sallame ki nuna mata da yatsu cewa asuba biyu ce, magariba uku, azahar huɗu. Ba komai ake ƙirgawa da ido ba, ki ce ta rufe ido ta faɗa miki sau nawa kika buga turmi.

Kada ki raina wannan 'yar hira. Susan Levine da abokan aikinta a Jami'ar Chicago sun riƙa shiga gidaje suna naɗar maganar iyaye da yaransu tun yaran suna wata 14 har zuwa wata 30. A sakamakon da suka fitar a 2010, yaran da suka fi jin maganar lambobi a gida su ne suka fi gane ma'anar adadi da suka kai wata 46. Da aka ƙara duba bayanan, sai aka ga maganar da ta fi tasiri ita ce wadda ake yi a kan abubuwan da yaro yake gani a gabansa, ba jero lambobi a iska ba.

Gargaɗi ɗaya kafin in wuce. Gyaɗa, wake, tsakuwa ƙanana da ƙwallon dabino suna da daɗin ƙirgawa, amma yara suna cusa su a hanci da kunne, suna kuma iya shaƙe su. In akwai ƙani ko ƙanwa mai rarrafe a gidan, ki tsaya kan manyan abubuwa irin su goriba, lemo, cokula da murafen galan, kuma kada ki bar ta da ƙananan ita kaɗai.

Wasanni ma suna da babban rabo. Ludo yana koya abu biyu a lokaci guda: gane ɗigon da ke jikin ɗan ludo da ido, da tafiya gida ɗaya ga kowace lamba. Sai dai cikakken ludo ya yi wa 'yar shekara uku tsawo. Ki yanko kwali, ki zana gidaje goma a layi ɗaya, ki rubuta 1 zuwa 10 daga hagu zuwa dama. Ki sami murfin kwalba ki sa ɗigo ɗaya a ciki, biyu a baya, shi ne za ku riƙa jefawa. Kowa ya ɗauki dutsensa, wanda ya riga kaiwa goma ya ci. Sharaɗin shi ne a faɗi sunan gidan da aka taka: in tana kan 3 ta sami biyu, za ta ce "huɗu, biyar", ba "ɗaya, biyu" ba. Da farko ke za ki riƙa faɗa tana maimaitawa. Irin wannan wasan ne Geetha Ramani da Robert Siegler suka gwada da yaran talakawa a Amurka a 2008, zama huɗu kacal na kimanin minti 15 zuwa 20, kuma yaran sun ƙaru a ƙidaya, da gane lambobi, da sanin wace lamba ta fi wata. Yaran da suka yi wasa iri ɗaya amma gidajen launi ne ba lamba ba, ba su sami wannan ƙaruwar ba. In ta ƙara girma, carafke da 'yar gala-gala za su ɗora daga nan, shi ya sa ba na son in ga an hana yara mata waɗannan wasannin da sunan karatu.

Hausa ko Turanci?

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: a gida ki ƙirga da ita da Hausa. Da Hausa take neman ƙari in an ba ta ƙosai ɗaya, da Hausa take ƙorafin an ba yayanta biyu. Ma'anar lamba a cikin irin wannan maganar take tsirowa. Turancin kuwa a yanzu waƙa ce da take rerawa a aji tare da anti. Ko manufar ilimi ta Najeriya ta 2004 cewa ta yi a matakin naziri a koyar da tushen lambobi ta hanyar wasa, kuma da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, duk da cewa makarantun kuɗi da yawa ba haka suke yi ba.

Hausa tana da wani sauƙi da ba mu cika lura da shi ba. Da yaro ya kai goma, sauran a fili suke: goma sha ɗaya, goma sha biyu, har sha tara. Yana jin goman da kunnensa, yana jin abin da aka ɗora mata. Kalmomin Turanci na 11 da 12 ba su nuna goma a cikinsu ko kaɗan, sannan 13 da 30, ko 14 da 40, kusan sauti ɗaya ne a kunnen yaronmu, har manyan ɗalibai suna rikita su. Inda Hausa take da nata tudun shi ne ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in, waɗanda muka aro daga Larabci. Babu abin da zai nuna wa yaro biyu a cikin "ashirin", dole sai an haddace. Wannan aikin 'yan shekara biyar zuwa shida ne, kuma da tsinken tsintsiya nake yinsa, a ɗaure goma-goma da roba, yaro ya riƙe ɗauri biyu a hannu ya ji ana cewa ashirin.

Kada ki ji tsoron za ta rikice ko ta koma baya a makaranta. Binciken da aka yi kan yara masu harshe biyu ya nuna cewa sunayen ƙananan lambobi kam sai an koye su a kowane harshe daban, amma da zarar yaro ya gane yadda ƙirgawa take ba da adadi, wannan ganewar tana bin sa zuwa ɗaya harshen. Abin da zan ce ki kiyaye kawai, kada a gauraya a ƙirga ɗaya. Ku gama da Hausa, in kina so ku sake daga farko da Turanci a kan abubuwan nan dai.

Kuɗi kuwa ki ajiye su gefe tukuna. Takarda ɗaya ce a hannunta amma ana ce mata ɗari biyar, wannan ya saɓa wa duk abin da take ƙoƙarin ganewa. 'Yan'uwanmu na Nijar ma nasu ya fi haka, tunda da dala ake lissafi, dala goma kuma tamma hamsin ce a rubuce.

Rubutu da maganar lesin

'Yar maƙwabciyarki da take rubuta 1 zuwa 100, Allah Ya ƙara mata basira, amma rubutun lamba aikin hannu da ido ne, ba shi ne shaidar ƙidaya ba. Yawancin yara a shekara uku da'ira suke iya kwaikwaya, wajen shekara huɗu su iya gicciye layi biyu, kusurwa da lanƙwasa irin na 5 da 8 sai a hankali. In aka tilasta wa ɗan yatsan da bai ƙosa ba ya cika shafi, abin da yaro zai koya shi ne lissafi wahala ne, kuma wannan ƙiyayyar tana daɗewa. Ki bar ta ta zana lamba da yatsa a rairayi, ko da gawayi a ƙasa, manya-manya, kuma duk lambar da ta zana ta ɗora mata adadinta na murafe a gefe. In kin ga ta juya 3 ko 7 ta baya, ba komai, yara suna yin haka har wajen shekara bakwai.

In tana zuwa Islamiyya, akwai wani abu da ya kamata ki sani tun yanzu. Lambobin da ke cikin Alƙur'ani da littattafan Larabci suna da kama da namu a inda ma'ana ta bambanta: biyar ɗinsu da'ira ce kamar sifirinmu, shidansu ya yi kama da 7, sifirinsu kuma ɗigo ne. Yaron da ya san adadi da hannunsa ba ya daɗewa yake rarrabe su, in aka gaya masa a sarari cewa rubutu iri biyu ne na abu ɗaya.

Game da malamin lesin, ki gaya wa babanta cikin ladabi cewa niyyarsa mai kyau ce, amma ban ba da shawarar haka ba a wannan shekarun. Mafi yawan masu lesin allo da littafi suka sani, za su ƙara mata haddar da ta riga ta yi yawa. Minti goma da shi kansa zai zauna da ita bayan magariba suna wasan kwalin nan ya fi awa guda na lesin. In za su fita, ta ƙirga masa matakalar bene ko buhunan da ke ƙofar shago. Duka da tsawa kuma a cire su gaba ɗaya daga wannan harka, haka ma kwatanta ta da 'yar wani a gabanta. In ta yi kuskure, "zo mu sake tare" ya isa. In ta gaji, a tashi.

Wani abu da zai iya tayar miki da hankali nan gaba: za ki jera murafe biyar a sama, biyar a ƙasa, ta yarda daidai suke, ki baza na ƙasan su yi tsawo, ta ce su suka fi yawa. Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Siwizalan, ya bayyana wannan tun da daɗewa, kuma yara kan fita daga cikinsa wajen shekara shida zuwa bakwai. Ku ƙirga layin biyu tare, ki bar ta da mamakinta.

Yaushe za a nemi likita?

Ni malama ce, ba likita ba, kuma ban ga 'yarki da idona ba, da wasiƙarki kawai nake aiki. Don haka ga abubuwan da in kin gan su, kada ki tsaya ga shawarata. In ba ta juyowa idan an kira ta daga baya, ko kunnenta yana yawan zubar da ruwa, a duba jinta, domin yaron da ba ya ji sosai yana iya rera abin da aji yake rerawa amma umarni ya wuce shi. In ba ta haɗa jimla ta kalma uku ko huɗu, ko ba ta gane saƙo mai sauƙi irin "ɗauko takalminki ki kai ɗaki", ko kuma ta daina yin abin da ta iya a da, ki kai ta wurin likitan yara ba tare da jira ba.

Akwai kuma wata matsala ta musamman da ke sa lissafi ya yi wa yaro wuya alhali yana da ƙoƙari a sauran abubuwa, ana kiyasta tana shafar yara 3 zuwa 6 cikin 100. Ba a yanke hukuncinta a shekara uku, sai yaro ya shiga firamare an ga yadda yake tafiya. Abin da za ki yi yanzu shi ne ki maimaita wasan 'yar tsanar nan sau ɗaya a wata, ki rubuta kwanan wata da lambar da ta tsaya a kai a bayan wani littafi. In ta cika shekara biyar, kuna ta yi a gida, amma har yanzu ba ta iya ba ki uku daidai, ko ba ta iya nuna wane tari ya fi yawa tsakanin biyu da shida, ki ɗauki wannan littafin ki tafi da shi wurin malamarta da kuma likita, zai taimaka musu ƙwarai wajen sanin inda za su fara.